Sunan Leib na Yahudawan Turai: na yanka ne ko alkunya?

Ɗan Misfala, Makka

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ana fassara wani littafin tarihin Yahudawan gabashin Turai daga Larabci zuwa Hausa, kuma akwai sunan namiji guda da yake ta maimaituwa a ciki. A Larabcin an rubuta shi da lam, ya, ba, babu wasali. A ƙasan shafi kuma an sa shi da boko iri uku: Leib, Leyb, Lajb. Ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba, sai dai a ga Yehuda Leib, ko Aryeh Leib, har da Yehuda Aryeh Leib. Na'urar fassara ta ce ma'anarsa "jiki", hankali kuwa bai kwanta da wannan ba. Mece ce ma'anarsa ta gaskiya? Shi ne Lawi? Idan an jera biyu ko uku, sunan mutum ne da na ubansa da na kakansa, kamar yadda ake jera mana a iƙama? Kuma yaya ya kamata a rubuta shi ga mai karatun Hausa? Allah ya saka da alheri.

Malam Na-Madina

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan uwa. Leib zaki ne. Kalmar Yidish ce, harshen Yahudawan da ake kira Ashkenaz, waɗanda suka fara zama a yankin kogin Rayin a Jamus sannan suka yaɗu zuwa Polan, Lituweniya, Yukren da Rasha. Gangar jikin harshen tsohon Jamusanci ne, an zuba masa Ibrananci da Aramiyanci da kalmomin maƙwabtansu na gabas, ana rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci daga dama zuwa hagu. Ka ɗauke shi kamar ajaminmu: bakin gida, baƙaƙen littafin addini. Jimlarsa mafi tsufa mai shekara a jiki tana cikin wani littafin addu'o'i na birnin Worms, na 1272. Kafin yaƙin duniya na biyu masu jinsa sun kai kimanin miliyan 11, kuma mafi yawan Yahudawan da 'yan Nazi suka hallaka daga cikinsu suke.

A tsohon Jamusanci zaki lewe ne, wanda ya zama Löwe a yau. A bakin Yahudawa harafin w ya koma b, shi ya sa a yammacin Turai ake samun Löb ko Loeb, a gabas kuma Leib. Na'urar ta ruɗe ne saboda Jamusancin yau yana da wata kalma dabam, Leib, mai ma'anar jiki. Rubutu ne kawai ya haɗa su.

Yanzu ga inda maganar take. Namiji Ba'ashkenaze a al'ada yana da suna biyu. Akwai shem hakodesh, wato suna mai tsarki na Ibrananci, da shi ake kiransa ya hau karatun Attaura a majami'a, da shi ake rubuta takardar aure. Akwai kuma kinnui, wanda uwa da mata da 'yan kasuwa suke kiransa da shi. Kalmar kinnui saiwarta ɗaya da kunyah ta Larabci, irin ta Abu wane, wadda mu muka ara muka ce alkunya. Kuma kamar yadda duk Bahaushe ya san Garba Abubakar ne, Sanda Umaru ne, Shehu Usmanu ne, Maitama Yusufu ne, haka su ma suka san Leib Yehuda ne.

Dalilin haɗin yana cikin Attaurar da ke hannunsu, littafin Farawa sura ta 49, inda Annabi Yaƙub (AS) ya tara 'ya'yansa gab da rasuwarsa yana siffanta su. A aya ta 9 an kamanta Yehuda da ɗan zaki. Shi ne Yahuza da kake gani a tafsirin Suratu Yusuf, wanda wasu magabata suka ce shi ne ya ce kada a kashe Yusuf, a jefa shi rijiya, wasu kuma suka ce Rubil ne. A aya ta 21 Naftali barewa ce da aka saka, sai alkunyarsa ta zama Hirsh. A aya ta 27 Binyamin kyarkeci ne, sai aka ce Wolf, a gida Velvel. Issakar kuma a aya ta 14 jaki ne ƙaƙƙarfa, to a Turai ba a kiran yaro jaki, sai aka musanya masa da wata dabbar mai ƙarfi, Ber, wadda Larabawa ke ce wa dubb. Ifraim ya sami Fishel, ɗan kifi, daga addu'ar da ke sura ta 48 aya ta 16, wadda kalmar yawaita a cikinta daga saiwar kifi aka ciro ta.

Sai kuma abin ya sake juyawa. Da sunayen dabbobin nan suka kafu a baki, sai aka mayar da su Ibrananci suka zama sunayen yanka masu zaman kansu: Aryeh zaki, Tsvi barewa, Ze'ev kyarkeci, Dov dubb. Wanda ya san Larabci zai ji zabyu a cikin Tsvi, zi'ibu a cikin Ze'ev, dubbu a cikin Dov. Daga nan Aryeh Leib ya fito: zaki da Ibrananci, zaki da Yidish. Saboda haka Yehuda Aryeh Leib mutum ɗaya ne tak, ba shi da ubansa da kakansa ba. Malamin Hasidawa, wani rukunin Yahudawa mai kama da ɗariƙa, na garin Ger kusa da Warso, Yehuda Aryeh Leib Alter, wanda ya rayu daga 1847 zuwa 1905, ukun farko duk nasa ne, Alter ne sunan dangi. Sunan uba ba ya shigowa sai da kalmar ben, wato ibn. Babban malamin Prag da ya rasu a 1609, Yehuda Löw ben Betsalel: Yehuda na yanka, Löw alkunya, Betsalel uba.

Lawi kuwa ɗan'uwan Yahuza ne, ɗa na uku, shi Yahuza na huɗu. Mutum biyu ne, ƙabila biyu.

Uwar Haidar, Jidda

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Bari in ɗora daga ɓangaren gida, don a can ne sunan yake rayuwa.

Ɗa namiji ana raɗa masa suna ne a wurin kaciya, rana ta takwas. Kada wannan takwas ɗin ta sa a ɗauka sun fi mu da kwana guda. Suna ƙirga ranar haihuwa a matsayin ta ɗaya, don haka wanda aka haifa Talata da rana, Talatar da ta zagayo ita ce ta takwas. Mu a ƙasar Hausa, bisa mazhabar Malikiyya, wanda aka haifa bayan alfijir ba a ƙirga ranar, sai ta bakwai ta faɗo a Talatar da ta zagayo. Rana ɗaya ce, lissafi ne ya bambanta. A nan Saudiyya ne ma da yawa suke ƙirga ranar haihuwar, sai yankan ragon ya faɗo Litinin. Kuma yininsu daga faɗuwar rana yake farawa, kamar lissafinmu na wata. Wanda aka haifa Talata bayan duhu ya shiga, ɗan Laraba ne a wurinsu. Idan jariri yana da shawara ko wani rauni ana ɗage kaciyar har ya warke, kuma galibi sunan ma yana jira.

Abu na biyu shi ne wa ake yi wa takwara. Mu mukan mayar da sunan kaka yana raye, yana ma zaune a wurin suna, shi ya sa yaro yake tashi da Abba ko Baffa ko Walid, don uwa ba za ta iya kiran sunan surukinta ba. Ashkenaz ba sa yin haka. Ba a sa wa yaro sunan ɗan'uwa na kusa da yake raye, sai wanda ya rasu. Yahudawan Sefarad, na Andalus da ƙasashen Larabawa, su kamar mu suke yi, kaka yana raye ake mayar da sunansa, girmamawa ce.

Wannan al'adar tana da amfani sosai ga mai karanta tarihi. Idan ka ga Leib ben Leib, mafi rinjaye uban ya rasu ne kafin a raɗa wa yaron suna. Idan kuma, a misali, ka ga 'yan'uwa uku kowanne ya haifi Leib a shekaru na kusa da juna, alhali manyan 'ya'yansu maza babu mai sunan, to kakan Leib ne, kuma ya rasu ne tsakanin haihuwar ɗa na ƙarshe mara sunan da Leib na farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗe waɗannan 'yan'uwan a mayar da su mutum ɗaya, saboda suna ɗaya, dangi ɗaya, gari ɗaya. Sunan uba ne kaɗai yake raba su.

Akwai kuma wasiyyar da ake jingina wa Yehuda Hehasid na Regensburg, wanda ya rasu a 1217, cewa kada ango ya zama sunansa ɗaya da surukinsa, kada amarya ta zama sunanta ɗaya da uwar miji. Inda ake kiyaye wannan, idan Leib ya nemi 'yar Leib, sai a ƙara wa angon wani suna kafin ɗaurin aure. Haka nan mai ciwo mai tsanani akan ƙara masa Hayyim, wato rayuwa, a gaban sunansa. Gidan da 'ya'ya suke mutuwa kuma akan kira yaro Alter, tsoho, ko Zeide, kaka, da fatan ya kai tsufa. Mu ma mun san irin wannan a wurin mace mai wabi, da Ajuji da Ajefas da Barmani. Saboda haka mutumin da ya bayyana a shafi na farko Leib, a shafin baya Hayyim Leib, yana iya zama shi ɗin ne bayan ya tashi daga jinya.

A gida ba a cika cewa Leib haka a bushe ba. Yaro Leibel ne ko Leibele, kamar yadda Ibrahim yake zama Iro, Abdullahi Audu. Leibke da Leibush kuma ƙarshensu daga harsunan maƙwabta aka ɗauko. Marubucin Yidish ɗin nan Peretz, haifaffen Zamosh a 1852 da ya rasu a Warso a 1915, Yitshok Leibush ne cikakken sunansa.

Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne kusancinsa da namu. A Sahihu Muslim, ranar Khaibar, Sayyidina Aliyu (RA) ya yi kirari cewa shi ne wanda mahaifiyarsa ta kira Haidara. Malamai sun ce ta sa masa ne don mahaifinta Asad. Kaka zaki, jika zaki da wata kalmar. Har gobe Bahaushe yana cewa Aliyu Haidar, babu mai tambaya ko Haidar ubansa ne.

Ɗan Mai Wurno, Riyad

Malam Na-Madina, a gafarce ni, akwai gyara ɗaya da ya kamata mai fassara ya riƙe. Ƙa'idar Leib Yehuda ne gaskiya ce a asali, amma ba ta ɗore ko'ina ba. Daga baya sunan ya tsaya da ƙafarsa, ana manna shi a kowane suna don tunawa da kaka biyu a lokaci guda. Peretz da Hajiya ta ambata Yitshok ne, wato Ishaƙ. Moshe Leib Lilienblum, wanda ya rayu daga 1843 zuwa 1910, Musa ne. To idan Leib ya biyo Yehuda ko Aryeh, alkunya ce. Idan ya biyo wani sunan dabam, suna ne na biyu. Idan ya zo shi kaɗai, kada ka ƙara masa Yehuda da kanka, don yana iya zama Aryeh. Mu ma idan muka ga Garba Abubakar a takarda ba mu san ko mutum ɗaya ne ba ko Garba ɗan wani Abubakar, sai an bincika.

Rubutun iri uku da ɗan'uwanmu ya gani ba kuskuren ɗab'i ba ne. Leib salon Jamusanci ne. Leyb salon cibiyar nazarin Yidish ta YIVO ne, wadda aka kafa a Vilna a 1925 ta koma New York a 1940, kuma shi manazarta suke bi. Lajb da Lejb salon Polanci ne, inda harafin j yake daidai da y ɗinmu. Bambancin e da a kuma karin harshe ne: mutanen Lituweniya da Yukren suna cewa leyb, na tsakiyar Polan suna cewa layb. A nan akwai rami. A daidaitaccen Yidish layb jiki ne, leyb zaki, baƙaƙensu ɗaya, lamed da yud biyu da bet, ɗan layi ne kawai a ƙarƙashin yud biyun yake nuna jiki. Mutumin Polan ba ya rikicewa don shi jiki lab yake cewa, da jan wasali. Idan ka ga Lajb a rajistar haihuwa ta Polan, zaki ne.

A takardun daular Rasha ana rubuta shi Leiba, da a a ƙarshe. Da yawa sukan ɗauka mace ce, musamman da yake akwai sunan mata Liba, daga kalmar ƙauna. Leiba namiji ne, kamar yadda a ɗin Garba da Bala ba ta mayar da su mata ba. Wanda ya shiga makarantar gwamnati a Rasha yakan koma Lev, don lev zaki ne da Rashanci. Kada a haɗa shi da lev na Ibrananci, zuciya, ɗan'uwan lubb na Larabci. Kuma ba kowane Lev ne Bayahude ba, Tolstoy ma Lev ne. Waɗanda suka yi hijira Amurka galibi sun riƙe harafin farko ne kawai, suka zama Louis, Leo ko Leon.

Sunayen dangi kuwa sababbi ne. Sarki Yusuf na Biyu na Ostiriya ya wajabta su a 1787, Rasha a 1804 ta sake jaddadawa a 1835, Faransa a 1808, Prusiya a 1812. Mai uba Leib sai ya zama Leibowitz ko Leibovich ko Leibson, duk ma'anarsu ɗan Leib. A wannan matakin ne kaɗai Lawi da zaki suke cakuɗewa, domin wasu 'yan ƙabilar Lawi sun ɗauki Löwy ko Löwenstein saboda kamannin sauti. Leibniz masanin lissafi ba ya cikin wannan layi sam, ba Bayahude ba ne.

Idan littafin yana da hotunan kaburbura, su ne alƙalai. Dutsen kabari yana ɗauke da cikakken suna da ben da sunan uba. Hoton zaki sau da yawa yana nuna Yehuda ko Aryeh ko Leib, barewa Hirsh, buta kuwa alamar Lawi ce don su suke zuba wa Kohen, wato limamai zuriyar Annabi Haruna (AS), ruwa a hannu, tafuka biyu a buɗe Kohen ne. Shekara da baƙaƙe ake rubuta ta, irin ramzinmu, kuma ana barin dubban. Ka tara baƙaƙen, ka ƙara 1240. Tav 400, resh 200, samekh 60, he 5, sun ba da 665, da 1240 ya zama 1905, shekarar rasuwar malamin Ger da aka ambata. Idan rasuwar ta faɗo tsakanin sabuwar shekararsu, wajen Satumba ko farkon Oktoba, da ƙarshen Disamba, ka cire ɗaya. Wanda ya yi karatun hisabi a tsangaya ya kula ƙwarai: lissafinmu na Magrib ne, inda shin take 1000. Nasu ya dace da na gabas ne, shin 300.

Kuma kada a nemi wannan suna a tarihin Yahudawan yankinmu. Ƙaramar al'ummar da ta zauna a Khartum da Omdurman, wadda Rabbi Sulaiman Malka ya zo ya jagoranta kuma ta gina majami'arta a Khartum a 1926, mafi yawanta daga Masar da sauran ƙasashen Larabawa ta fito, Larabci take ji. Haka Yahudawan Yaman. Yehuda za ka samu a wurinsu, Leib na ƙasar sanyi ne.

Ɗan Misfala, Makka

Allah ya saka wa malamai da Hajiya da alheri, an warware. Saura rubutun. A fassara shi Zaki, ko a mayar da shi Laisu tunda sun yi kama a kunne, ko a bar shi? Kuma a fihirisa a ƙarƙashin wane harafi zai zauna?

Malam Na-Madina

Na karɓi gyaran Ɗan Mai Wurno, daidai ne.

Kada ka fassara, ɗan uwa, kuma kada ka ce Laisu. Laisu, kamar na Imam Laisu ɗan Sa'ad malamin Masar, ɗan'uwansa a Ibrananci layish ne, tsohuwar kalmar zaki. Leib daga wani gida dabam ya fito, ta Jamusanci zuwa leo na Latin. Ma'ana ce ta haɗa su, da harafin farko, ba asali ba.

Ka zaɓi Leib ka tsaya a kai daga bango zuwa bango, don shi mai karatu zai samu idan ya bincika a intanet. A ambaton farko ka yi bayani na layi biyu: zaki ne da Yidish, alkunyar Yehuda ce kamar Garba ga Abubakar, ana furta shi kusa da yadda Bakano yake furta ai ɗin da ke cikin laifi, sannan a rufe leɓe da b ba tare da an ƙara wasali ba. Harshenmu zai so ya ce Laibu, a yi haƙuri da shi a baki, amma kada ya shiga takarda. Inda ka kawo nassin wata tsohuwar takarda kalma da kalma, ka bar Lajb ko Leiba yadda suke. Idan za a sa Larabcin a gefe, a yi masa wasali, fataha a kan lam da sukun a kan ya, in ba haka ba za a karanta Lib.

A fihirisa, mutumin da ya rayu bayan dokokin sunan dangi ka sa shi a sunan danginsa: Peretz a P, Lilienblum a L saboda Lilienblum, ba saboda Leib ba. Wanda ya gabace su ka sa shi a sunan yanka, malamin Prag a ƙarƙashin Yehuda, sannan a L ka buɗe layi ɗaya na Leib, Leyb, Lajb, Löw da Loeb mai tura mai karatu zuwa Yehuda da Aryeh.